Injin da Ba Ya Ɗiga

Don Allah don Annabi, duk wanda ya karanta wannan, ko ya gane hannuna, kar ya faɗi sunana. Misali ne kawai, ni ban ce da wani nake ba.

Wani manomi ne mai noman rani a bakin kogi. Yana da tsohon injin ban ruwa da ya gada a wajen ubansa. Irin na da ne, wanda a wuyansa, inda sandar ƙarfe ke juyawa, ake cusa igiya mai giris a matse da noti don kar ruwa ya tsere. To ita igiyar nan tana da sharaɗi: dole ta riƙa ɗiga, ɗis, ɗis, don ɗigon ne ke sanyaya ƙarfen. Tun yana ƙarami ubansa ya ja masa kunne, ya ce in ka ga wuyan inji ya bushe, maza sassauta masa, wuta yake ci ta ciki. Da wannan ya girma, da wannan ya yi furfura. Ko yana can ƙarshen gona yana gyara kwami, ido ɗaya na kan ɗigon nan.

Ana nan sai tsohon inji ya ce ga garinku. Manomi ya shiga birni ya samo sabo, a daidai lokacin da tumatirinsa ya fara fure, ga zafi ya kunno kai. Mai sayarwa ya ce masa, "Baba, wannan sabon yayi ne, babu igiya. Wani abu ne a ciki ana ce masa sil, zobe biyu ne masu santsi da suke manne da juna. Ba ya ɗiga sam. In ka gan shi a bushe, lafiyarsa ke nan, kar ka taɓa." Manomi ya yi dariya ya ce, "Yaro, tun uwarka na goyonka nake ban ruwa." Kunnensa ya ji maganar, amma ba ta sauka ƙasa ba.

Aka kafa inji, aka tayar. Ruwa na fita ta tiyo kamar da bakin ƙwarya, kwamai suna cika tun bai gama buɗe na gaba ba. Amma shi hankalinsa ya ƙi kwanciya. Ya je ya tsuguna ya leƙa wuyan inji, a bushe ƙamas. Ya shafa da yatsa, ko danshi babu. Maƙwabcin gonarsa ya hango shi ya ce, "Malam, an ba ka hutu, me kuma kake leƙe?" Ya yi murmushin yaƙe ya tashi, can anjima ya sake dawowa. Shi dai a ransa abin nan yana cin wuta ta ciki, shiru kawai ya yi masa. Ya jure, ya jure, ran nan dai da hantsi da ya ga babu kowa a fadama sai ya kashe inji ya ɗauko sifana.

Ya kwance murfi, ya cire fanka, ya tarar da zobban nan biyu, ɗaya baƙi ɗaya fari, suna ƙyalli kamar madubi. Ya ce lallai, to ta ina ruwa zai bi ya sanyaya su? Ya kawo sanfefa ya ɗan goga musu, kaɗan fa, cikin tausayi, kamar mai share wa jariri fuska. Ya mayar ya ɗaure. Da ya tayar sai ga ɗigo, ɗis, ɗis. Wallahi ranar har waƙa ya yi. Kafin la'asar ɗigo ya zama tsiyaya, tsiyaya ta zama feshi, inji ya fara shaƙar iska, tiyo ya kwanta laƙwas.

Da a ranar ya koma birni, da wataƙila an tsira da wani abu. Kunya ta hana. Yaya zai kalli yaron nan? Sai ya yi ta cusa igiya da giris a inda ba a yi wa igiya wuri ba, yana kwancewa yana ɗaurewa, rana na gasa gona. Ya koma ɗibar ruwa da jarka, shi da iyalinsa, har kafaɗu suka saɓule, amma ina jarka ina gona guda. Da abin ya ci tura ya koma birni. Mai sayarwa ya ɗaga zoben a rana ya ga zanen sanfefa, ya dai ce babu irinsa a nan sai an aiko daga nesa. Ran da sabon sil ya iso, fure ya gama zubewa a ƙasa, ganye ya koma kamar taba.

Yanzu injin yana nan yana aiki lafiya lau, wuyansa a bushe, yana kwarara ruwa cikin kwaman da babu komai sai karare. Shi kuwa yakan zauna kusa da shi, hannayensa biyu a matse tsakanin gwiwoyi. A gida ma an daina ambatar tumatir, ko a miya.

Wayyo, ga motsin takalmi a zaure, bari in ɓoye wannan. Dama abin da ya rage shi ne abin da Hausawa suka ce: in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.