Zancen Gida

Kwana uku da binne mijina, na ɗauki wayarsa na sanar da zauren hirarsu na intanet, na masu rubuta manhaja, cewa ya rasu a hanyar Belbeji. Nan take aka goge saƙon, amsa ta faɗo: "Haba, bawan Allah, nan aiki muke tattaunawa. Zancen gida a bar shi a gida."

Na gane maganar. Mijina ne ya haɗa manhajar da ke tsaron zauren, wadda ta ba ni wannan amsa; ya taɓa karanta mini jimlar yana dariya, ni kuwa ina tankaɗen gero.

Abokansa sun ji daga baya, sun zo gaisuwa. Amma har yau, kowace safiya nakan rubuta "Ina kwana" a zauren, don mijina ya yi mini faɗa ta bakin manhajarsa.