Ƙyauren Ɗakin Zulaihatu

Ku yaran yanzu ba ku ɗaukar magana sai in daga waya ta fito. Tsohuwa ta faɗa, ku ce ƙauyanci ne. To ku zauna ku ji yadda Kamaruddeen ɗan Inna Hure ya zaɓi ƙyaure.

Tun ranar da 'yarsa Tahira ta fara rarrafe, Inna Hure ta mirgino tsohon turminta ta kwantar da shi a ƙofar ɗakin surukarta Zulaihatu. Haka muka rene ku duka. Turmi a kwance, mai rarrafe ba ya haura shi. Gidan kuwa akwai rijiya a tsakar gida, bakinta daidai da ƙasa. Ga kuma wata 'yar akuya marainiya da ake ba madara a kwalba, duk inda ta sa ƙafa Tahira na biye da ita.

Kamaruddeen ya dawo daga Ungogo, inda yake tuƙa adaidaita, ya tarar da turmi a ƙofar ɗakin da ya yi wa sabon siminti da fenti.

"Haba Inna, sai ka ce ɗakin girki? Akwai ƙyauren yara na zamani. Zan kawo."

"Kawo shi tukuna, sannan ka ɗauke min turmina."

Bai jira ba. Ya ture turmin bayan rumbu. Sau biyu tana maido shi. A na uku ya ce ai gara ta cinye gindinsa, ya sa gatari ya faskare shi, aka yi tuwo da itacen.

Daga nan aka shiga zaɓe. Duk zuwansa gida sai ya kishingiɗa yana murza waya, yana nuna wa Zulaihatu hotuna. Na roba, 'yar akuya za ta tauna. Na katako, damina za ta kumbura shi. Na ƙarfe ya yi, amma fentinsa bai dace da na ɗaki ba. Wata biyu ana haka, ƙofa a buɗe. Zulaihatu ta goya yarinya ta yi daka, ta goya ta ta yi shara, har bayanta ya riƙe.

Sai wata Laraba ya tashi ko karin kumallo bai yi ba. Ya bar wayar a kan gado, ya ɗauki wani karan dawa da bai kai kamu biyu ba, ya soke shi a bayan riga, ya tayar da babur. Dattawan da ke zaune kan tabarmi a ƙofar gida suka bi shi da kallo. Ba wanda ya tambaye shi ina za shi.

A Bici ya tsaya wurin Lawan mai walda, ya ajiye karan a kan teburin ƙarfe.

"Ƙaramin ƙyaure nake so na ƙofar ɗaki. Tsawon yarinyar ke nan."

Lawan ya yi dariya. "Direba guda ba ka da tef ɗin awo? Bari in ƙara maka yatsa huɗu. Yara ba sa jira, yau ka auna gobe sun wuce."

"Yi shi daidai karan."

Ya tsaya a kansa cikin rana. Da aka jera sandunan, ya tura dunƙulen hannunsa tsakani, ya wuce, ya ce a yanke a matso da su. Ya sa aka liƙa sakata ta waje, inda ɗan yatsa ba zai kai ba. Ya bi kowace kusurwa da tafin hannu, inda ya ji kaifi a goge.

"Na ga iyaye, ban ga irinka ba," in ji Lawan. "Allah ya raya ta."

Kamaruddeen ya sunkuya yana ɗaure ƙyauren a bayan babur.

Da la'asar ya iso gida. Rijiya a rufe da kwanon rufi, an danne da duwatsu. 'Yar akuya na ɗaure a turke tana kuka. Ya fasa simintin nan nasa da hannunsa, ya kafa ƙyauren, ya girgiza shi, bai motsa ba. Zulaihatu na kwance a ciki, fuskarta na kallon bango, ba ta juyo ba.

Inna Hure ta fito riƙe da carbi. Ta zare sakatar, ta mayar.

"Ya yi ƙarfi. Ko rago ba zai ture shi ba." Ta miƙa masa hannu. "Ba ni karan, a mayar da shi inda ka ɗauko."

Ya ƙanƙame shi a ƙirji ya ƙi saki, don shi kaɗai ya rage masa: karan da aka auna Tahira da shi kwana biyu kafin wannan Larabar aka kai wa masu haƙa kabari, bayan an tsamo ta daga rijiya.