Man Riɗin Kaka

Wata la'asar a gidanmu na Keffi, ina jin shekarata bakwai, Kaka ta zuba mini cokalin man riɗi a baki.

"Maigidana, ba na zama da mai warin baki," in ji ta. "Kurkure har ya yi fari. In ka haɗiye, aure ya mutu."

Wasan jika ne, amma na ɗauka gaske ne. Na yi ta kurkurawa, kumatuna na ciwo, yayana yana mini gwalo don in yi dariya. Da na tofar, sai ga shi fari fat kamar kindirmo.

"Aure ya tsira," ta ce.

Ba zan rantse magani ne ba, ina haɗawa da buroshi. Amma har yau, in na tofar na ga fari, sai in ji na ci nasara.