Garayar da Oluwatobi Ya Sassaƙa

Oluwatobi, mai gyaran jita a unguwar Muchia, ya kwance zanen da ya naɗe wata kyauta a ciki, ya miƙa wa budurwarsa Hephzibah a bayan cocinsu na Samaru.

"Garaya ce," ya ce, bakinsa har kunne. "Da hannuna na sassaƙa ta. Tsirkiya biyu, ɗaya ke, ɗaya ni, ga sunanki a jikin sandar. Na ji an ce babanki makaɗin garaya ne a da. Ki nuna masa kafin iyayena su je gaisuwa."

Ba ta miƙa hannu ba. Ta waiga hagu da dama, ta sunkuyar da kai.

"Haba Tobi, wa ya ba ka rabin labari? 'Yan bori Baba yake yi wa kiɗa. Ranar da aka yi masa baftisma ya ƙone tasa a gaban jama'a. Ko sunanta ba a kira a gidanmu."

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya hau naɗe garayar da sauri, zanen yana ta zamewa.

"Yi haƙuri. Yau ɗin nan zan farfasa ta."

Ta riƙe masa hannu, duk da ta kasa haɗa ido da shi.

"Kada ka kuskura. Ajiye min ita. Gidan Baba na ce ba za ta shiga ba, ban ce namu ba."