Kanwa a Tukunyar Masara

Wallahi, ɗan'uwa, na san ba za ka yarda ba, amma tunda kai ma ka samu aiki a garin mutane, zauna ka ji. Ni ɗin nan da kake gani, a aji uku na bar sakandare, ranar da na saka wa malamin lissafi kwaɗo a aljihu. Duk da haka sai da ƙafata ta taka Kanada, har na zama direba a wata makarantar koyon sana'a ta Haudenosaunee, 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar. Makarantar ba irin tamu ba ce. Ko walda kake koyo ko girki, sai ka haɗa da yarensu da al'adarsu, kuma ba a ba ka aiki sai dattawa sun ga hannunka. To, akwai wata mata mai 'ya'ya uku, mijinta ya rasu, ta shekara biyu tana koyon sarrafa farar masararsu. Da tokar itace suke dafa ta har ɓawon ya saɓule, a wanke, a sake wankewa, sannan a haɗa da wake a yi wani abu kamar fate. Ranar jarrabawarta, idan wata tsohuwa, uwar danginsu, ta ɗanɗana ta gyaɗa kai, aikin ɗakin girkin makarantar ya zama nata. Idan ba ta gyaɗa ba, sai baɗi. Ni kuwa na daɗe ina cika musu baki cewa a garinmu ko 'yar shekara bakwai ta fi su sanin yadda ake tausasa hatsi. Ina da kanwa a jaka, tun daga gida na taho da ita. Ranar jarrabawar, da matar ta gama wanke masara ta mayar kan wuta, ta fita ɗauko kwanuka, sai na lallaɓa na jefa dunƙule kamar ƙwan agwagwa. Nufina, in abinci ya nuna da wuri, in fito in daki ƙirji.

Masara kam ta yi laushi, har ta wuce laushi. Ta narke, ta koma ruwan ƙasa, tana ta kumfa. Dattawa suna zaune a jere. Tsohuwa ta kai cokali baki, ta daɗe ba ta haɗiye ba. Matar ta dubi tukunya, ta dubi 'ya'yanta da ke can ƙarshen ɗakin cikin kayansu na fita, ta fara kwance rigar girkinta. Ni ina bakin ƙofa, ana sanyin da ke daskarar da ruwa, amma gumi ya jiƙa mini singileti. Tsohuwa ta tura ludayi har gindin tukunya, ta ɗago ragowar dunƙulen da bai gama narkewa ba. A makarantar nan, duk abin da zai shiga tukunya sai an kira sunansa da yarensu, an gode masa. Don haka ta ɗora shi a tafin hannu, ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi sunan abin. Wannan ya ce gishiri, wancan ya ce dutse. Da na yi shiru da na tsira. Amma da malamin walda ya juya shi ya ce ai siminti ne ya faɗo daga rufi, sai bakina ya riga hankalina: "Haba malam, wane irin siminti? Kanwa ce, ungurnu ma kuwa."

Mutanen ɗakin suka juyo kaina gaba ɗaya. Tsohuwa ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa matar ta mayar da rigarta, jibi za ta sake dafawa. Sannan ta ce a wurinsu ba a zubar da masara, ta sa aka turo mini tukunyar da cokali, ta ja kujera ta zauna dab da ni. Cokalin farko ya ɗaye mini harshe, ga tukunya cike har wuya, ga idanu a kaina. A nan na san gaskiyar Bahaushe da ya ce, kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.