Bawul na Biyu

Ku yaran yanzu, na'ura ta yi ƙara sai ku zabura kamar an zuba muku wuta. Uwa ta kira kuwa, sai ku kife waya a kan tebur. Ku zauna ku ji abin da ya sami Lefteris, ɗan maƙwabciyata Argiro.

Lefteris yana zaune a wani birni da ake kira Hanya, yana kula da tafkunan ninƙaya na gidajen baƙi. Ɗaya daga cikinsu a ƙauyenmu yake, kan tudu, na wani Bature ɗan Holan mai zuwa wata biyu a shekara. Tafkin yana da akwatin na'ura. Ita ke kunna injin ruwa, ita ke zuba magani, in rana ta sha ruwan ta ƙaro daga bututun gari. In wani abu ya lalace, sai ta aika saƙo wayar Lefteris.

Daga ƙofar gidan Baturen zuwa ta Argiro taku ɗari biyu ne. Tun da mijinta ya rasu, wanda shi ke raba wa gonakin zaitun ruwa shekara talatin, ita kaɗai take, sai kaji huɗu. Ba ta roƙon kowa. In ta buga wa ɗanta waya ya ce, "Mama, ina aiki, zan kira," sai ta ajiye, ta share tebur ɗin da yake a share.

A bazarar nan tafkin ya fara ba da wahala. Duk Alhamis da safe saƙo zai shigo: ruwa ya yanke. Lefteris ya tuƙo awa ɗaya da rabi, ya tarar an murɗe bawul ɗin da ke cikin rami a bakin hanya, wato makullin bututun da ke ba gidan ruwa. Ya buɗe shi yana zage-zage. Tunda ya riga ya zo, sai ya leƙa wajen uwarsa, ya tarar da dodon koɗi soyayye a man zaitun, da zafinsa.

"Ka kama ɓarawon naka?" in ji ta.

"Manoman nan ne, Mama. Haushi suke ji ana wanka da ruwan da suke so."

"Kai da karatunka, mai jaki ya fi ka wayo? Ci abinci. Ka rame kamar kuturwar akuya."

Yana ci yana duba waya. Minti ashirin ya tashi. Ita kuwa kwana uku tana ba ni labarin minti ashirin ɗin nan.

Ya sa kwaɗo a murfin ramin, hukumar ruwa ta ce a cire, ramin na gari ne. Baturen ya fara rubuto masa maganganu, wai in injin ya ƙone za a nemi wani. Sai wata Alhamis ya zo da kwali da wayoyi. Ya ja sabon bututu daga tankin bayan gida, ya ɗaura masa bawul mai aiki da lantarki, ya haɗa shi da akwatin. Na tsaya a bakin katanga ina kallonsa.

"Goggo, kin ga wannan? In an rufe na waje, wannan zai buɗe da kansa. Na kashe saƙon ma. Su yi ta murɗawa har hannunsu ya karye."

Na ce, "To yaushe za ka riƙa zuwa?"

Ya yi dariya. "Ai amfanin abin ke nan."

Haka ya maimaita wa uwarsa a kan tebur, yana jin daɗin kansa. Ta ce, "Aikinka ya yi kyau, ɗana. Ubanka ma ba zai iya wannan ba." Ta ƙara masa burodi.

Alhamis ta zo, mota ba ta hawo tudu ba. Ta gaba ma haka. Argiro ba ta daina soya dodon koɗi ba, sai dai da yamma ta miƙo min ta katanga ta ce ya yi mata yawa. Aka girbe inabi, aka fara shimfiɗa raga ƙarƙashin zaitun. Ta fara tsayawa tana dafa ƙirji in ta hau matakala. Na ce ta gaya masa. Ta ce ta kira sau biyu, yana aiki.

Ranar wata Talata da hantsi na same ta. Ta riga ta yi sanyi.

Ya zo, ya yi kuka, aka binne ta kusa da mijinta. Washegari, don ya sami abin da hannunsa zai yi, ya hau gidan Baturen ya buɗe akwatin. Na'urar tana rubuta duk lokacin da ruwan waje ya yanke, ko da ba ta aika saƙo ba. Na ji ihunsa daga tsakar gidana, na fita.

"Goggo, dubi rashin imani! Duk Alhamis sai da suka rufe shi. Makon jiya kullum. Ranar da Mama ta rasu kuwa sau bakwai, a rufe a buɗe, a rufe a buɗe, cikin rabin awa. Wane ɗan iska ne wannan?"

Ban tausaya masa ba, kuma har yau ban yi nadama ba.

Na ce, "Ba ka tambaye ni inda na same ta ba. A bakin ramin nan take zaune, ta jingina da katanga, da ƙarfen murɗa bawul na ubanka a hannunta."