Sawun Malam Barau

Tun da aka hana janareta, wutar kamfani kuma ta gagari talaka, kowane shago ya shimfiɗa daɓen da ke mayar da taku lantarki. Masu hali suna ɗaukar 'yan tattaki haya su riƙa taka musu shi. Lantana mai zoɓo kuwa mijinta gare ta, Malam Barau, ɗan saba'in da ɗoriya.

Tun hantsi yake kai da komo gaban firjinta, carbi a hannu.

"Malam, zauna ka huta mana."

"In zauna zoɓonki ya koma shayi? Ni da nake daskarar miki da ƙanƙara bara?"

Bara ke nan. Ta saci kallon ƙwan da ke saman firjin. A da kore ne shar, yanzu kullum ƙara ja yake. Daɓen bai san kara ba, ƙarfin sawu kawai ya sani.

Ta gyara zama bayan tebur, ta saki zane ya rufe ƙafafunta, ta shiga danna daɓen da diddige a ɓoye. Ƙwan ya koma kore.

Malam Barau ya hango ƙwan, yana haki, yana murmushi. "Kin gani? Da saurana."

"Da sauranka, Malam," ta ce, diddigenta bai tsaya ba.